In koma bayan gari in sayi mota, ko in zauna cikin gari?

Tambaya: Ni ma'aikaci ne a Sakatariyar Abubakar Umar da ke Bauchi, ina haya a unguwar Jahun da iyalina. Na samu gida mai arha can bayan Gwallameji a hanyar Dass, kuma ina da ɗan abin da zai sayi 'yar Kwatano. Shin rarar kuɗin hayar za ta riƙe motar?

Amsa: Malam, kafin ka duba farashin mota, duba abin da Jahun ke ba ka kyauta. Masallaci, Islamiyyar yara, mai cefane, kemis, duk da ƙafa ake zuwa, ko a aiki yaro ya dawo kafin ruwa ya tafasa. Kasuwar Wunti da Babbar Kasuwa hawa ɗaya ne a Keke Napep. Da zarar ka koma bayan gari, mafi yawan waɗannan sun zama tafiyar da ake biya, kuma ba kai kaɗai ke fita ba.

Ɗauki takarda ka rubuta duk fitar da aka yi a gidanka cikin kwana bakwai: taka, ta uwargida, ta yara, har da suna, dubiya da ta'aziyya. Sannan ka auna kowacce daga sabon gidan. A ce tsakaninsa da ofis kilomita 10 ne. Zuwa da dawowa 20 ke nan, a ranakun aiki 22 ya zama 440. Tsohuwar Corolla mai lafiyayyen inji takan yi kilomita 8 zuwa 10 a lita ɗaya a cikin gari, wato lita 44 zuwa 55 a wata, don zuwa aiki kawai. Ninka da farashin da ka gani a gidan mai yau. Da lita nake lissafin, domin tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 farashi bai zauna wuri ɗaya ba.

Inda lissafin mutane ke rushewa shi ne mota kan haifi tafiye-tafiyen da babu su a da. Yaran da ke tafiya makaranta da ƙafa yanzu sai an kai su an ɗauko. Cefanen kasuwar Muda Lawal ya dawo kanka. Bikin dangi a Dass ko Azare kuwa, kai ne direban gida, kuma kunya ba za ta bar ka ka karɓi kuɗin mai ba. Don haka ka ƙara aƙalla rabi a kan abin da ka lissafa.

Akwai kuma kuɗin da ke fita ko motar na fake: sabunta takardu, da inshorar dole da ta koma naira 15,000 a shekara tun 2023. In tana tafiya kuma, akwai juyen baƙin mai duk kilomita 4,000 zuwa 5,000. Abin da ya fi cin mazauna sababbin unguwanni shi ne gyaran ƙafar mota. Idan daga kwalta zuwa ƙofar gidan hanyar ƙasa ce, damina ɗaya ta isa ka fara jin ƙwanƙwasa a gaba, taya na cinyewa ta gefe guda. Je ka ga hanyar a watan Agusta, ba da rani ba, lokacin da kowane lungu ke kama da titi.

Wannan tazara daga kwalta ita ce kuma za ta yanke wa uwargida hukunci ranar da ka fita da mota. A bakin titi za ta hau keke tare da wasu, kowa ya biya nasa. A cikin lungu sai shata, ko ta jira ɗan acaɓa, bayan Isha kuma ko shi sai an dace.

Idan rarar hayar shekara, bayan ka raba ta gida 12, ba ta kai kuɗin mai da gyara na wata ba, zauna a Jahun. Idan gidan ya zama dole, fara da babur: lita ɗaya kan kai shi kilomita 35 zuwa 40, kusan ninki huɗu na motar. Yara kuma ka yi jinga da mai keke ɗaya a wata, ku haɗu da maƙwabta biyu ku raba kuɗin.