Filin Tambayoyinku: Motar lantarki mai "tuƙa kanta", in ƙara kuɗin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin sayen motar lantarki. Dillali ya nuna mini guda biyu iri ɗaya, amma ɗaya ta fi tsada sosai, wai ita tana tuƙa kanta. Zirga-zirgata daga gida ne a Tarauni zuwa shago a Kantin Kwari, sai Kaduna sau ɗaya ko biyu a wata. In ƙara kuɗin ko in haƙura? Daga mai karatunku a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Shawararmu ita ce kada ka biya kuɗin "tuƙa kai", amma akwai wasu na'urori a cikin wannan ƙunshin da suka cancanci kuɗinka. Bari mu rarrabe su.

Ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE ta kasa wannan fasaha mataki shida, daga 0 zuwa 5. Kusan duk motar da za a kawo maka Kano ba ta wuce mataki na 2 ba: tana riƙe sitiyari, tana taka totur da birki, amma idonka na kan titi, kuma in aka yi karo kai ne direba a wurin hukuma. Har tsarin kamfanin motocin lantarki na Tesla da ake kira Full Self-Driving, wato cikakken tuƙa kai, a wannan matakin yake. A 2024 ana sayar da shi a Amurka dala 8,000, ko dala 99 duk wata, kuma Najeriya ba ta cikin ƙasashen da kamfanin ya buɗe shi. Motocin da ke tafiya babu direba, irin tasi ɗin kamfanin Waymo a biranen Phoenix da San Francisco na Amurka, ba a sayar wa ɗaiɗaikun mutane, kuma a unguwannin da aka zana taswirarsu dalla-dalla kawai suke aiki.

Matsalar a nan titi ce. Kyamarar da ke manne a gilashin gaba, bayan madubin tsakiya, farin layin fenti take bi don ta tsayar da mota a tsakiyar hannunta. Inda fenti ya goge ko yashi ya rufe shi, sai ta yi ƙara ta sakar maka sitiyari. Ka duba hanyarka ta kullum: daga ka doshi Kwari, ga ɗan adaidaita sahu ya kutso ta hagu, ga mai kura da dilolin atamfa ta dama, ga mai babur ya biyo hannun da ba nasa ba. Manhajar an koya mata barin tazara, a nan kuwa duk tazarar da ka bari wani zai cike ta. Motar za ta yi ta cin birki, na baya yana danna maka oda. Wani lokacin ma inuwar gada kan sa irin waɗannan motoci su taka birki ba gaira ba dalili. Ga hunturu: hazo da ƙura kan lulluɓe kyamara, allo ya rubuta cewa tsarin ya daina aiki.

Hanyar Kaduna ce kaɗai inda za ka ɗan more shi, a sassan da aka gyara aka shafa fenti. Nan na'urar da ke daidaita gudu da motar gabanka tana hutar da ƙafa ƙwarai. Sai dai rami ko akuya da ta faɗo titi, kai za ka gani.

Abin da muke so ka nema guda uku ne. Birkin gaggawa mai kama kansa, wanda binciken cibiyar IIHS ta Amurka ya nuna yana rage dukan mota ta baya da kusan rabi. Sai fitilar madubin gefe mai gargaɗi in akwai abin hawa inda idonka ba ya kaiwa, wadda a garin babura ba ƙaramin amfani gare ta ba. Sai kyamarar kewaye don fakin a matsatsi. Babu wadda ta dogara da fentin titi, kuma motocin lantarki da yawa suna zuwa da su ba ƙarin ko sisi. Ka duba mai arhar, wataƙila tana da su.

In ranka ya kwanta da mai tsadar, kada ka biya sai ka hau ta. Ka fita da ita titin Zariya, ka kunna tsarin, hannunka na kan sitiyari, ka ƙirga sau nawa ya katse cikin minti 10. Ka tambayi dillalin ko tsarin na motar ne dindindin ko na biya wata-wata ne, kuma don kasuwar wace ƙasa aka ƙera motar, domin wadda aka yi wa Sin takan zo da taswira da layin intanet na can, wasu ayyukanta ba sa tashi a nan.

Tambaya mafi nauyi ita ce wa zai saita ta in ta taɓu. Duk lokacin da aka canza gilashin gaba, ko aka bugi bamba inda na'urar auna tazara take ɓoye, dole a sake saita kyamarar ko na'urar da kwamfuta da allunan awo, a kan daɓe shimfiɗaɗɗe. Gilashi kam ana iya samu a Ƙofar Ruwa, amma in kyamara ta karkace ko da kaɗan ne, motar za ta riƙa ja gefe ɗaya ko ta makara wajen birki. In dillalin bai iya nuna maka garejin da ke wannan aiki ba, ka bar masa ita.

Rarar kuɗin ka zuba a caji. Caja ta gida mai kilowat 7 tana jan amfiya 32, tana cika batir mai kilowat-awa 60 cikin awa tara ko kusa da haka, alhali soket na ɗaki sai ya haura awa 20. Tana buƙatar layinta daban tun daga mita, da waya mai kauri, da na'urar kariya daga hawa da saukar wuta, kuma ƙwararren mai gyaran wuta ne zai haɗa ta.