Ƙwaƙwalwar sarrafa janareta tana mutuwa tana tashi: ko allon baya ne?

Tambaya: Ina kula da wani babban janareta. Katin lantarkin da ke sarrafa wutar rota, wato ɓangaren janareta mai juyawa, yana mutuwa na ɗan lokaci ya sake tashi da kansa. Mun canza akwatin da ke ba shi wuta, abin bai daina ba. Wani ya ce mu duba allon baya da ake soka katunan a ciki, amma ni ban ga abin lalacewa a jikinsa ba, daga layukan jan ƙarfe sai soket.

Amsa: Malam, wanda ya ba ka shawarar nan ya san aiki. Gaskiya ne allon baya ba shi da kayan lantarki masu yawa, amma duk wutar da katunan ke ci ta cikinsa take bi. A tsarin EX2100 na kamfanin GE, alal misali, wutar DC mai volt 125 ce ke shigowa, akwatunan wuta uku da ke zaune a kan nasu allon bayan su mayar da ita volt 5, da 15 ta sama da sifili da ta ƙasa da shi, da 24, sai kuma volt 70 da ake turawa makunnan waje. Kowane akwati yana ciyar da ɗaya daga cikin sassan katuna uku, don idan ɗaya ya faɗi janareta ya ci gaba da aiki. Sauran kamfanoni suna da nasu tsarin.

Layin volt 5 ne ya fi ba da wahala, saboda ba shi da rara. Yawancin katuna suna son tsakanin 4.75 da 5.25. A ce layin yana ɗauke da amfiya 10, sai tsatsa ko sakin fil (siririn ƙarfen cikin soket) ya ƙara turjiyar da ke rage gudun wuta da ohm 0.03 kacal: volt 0.3 ta tafi ke nan, abin da ya isa katin 4.7 ne, ya riga ya fita daga iyaka. Wurin kuma yana fitar da zafin watt 3 a ɗan ƙaramin fil. Zafin ya sassauta ƙarfen da ke matse fil ɗin, turjiya ta ƙaru, zafi ya ƙaru. Shi ya sa matsalar kan fara jefi-jefi, tana ƙaruwa idan ɗaki ya yi zafi ko injin yana girgiza sosai.

Kuskuren da aka fi yi shi ne auna wuta a bakin akwatin wutar, a ga 5.0 a ce lafiya. A can ba za ka ga komai ba. Ka auna a wurin gwajin katin da ya fi nisa, duk katuna suna ciki suna cin wuta, sannan ka kwatanta. Bambancin da ya kai volt 0.1 ko ya wuce ya isa a bi shi. Ka auna layin da wutar ke bi ta koma akwatin shi ma, domin faɗuwar tana iya zama a can. Mita ta hannu ba ta kama faɗuwar da ba ta wuce ƙiftawar ido ba, don haka osiloskop (na'urar da ke zana hawa da saukar wuta) ko mita mai riƙe mafi ƙanƙantar lamba ta fi.

Idan an kashe injin, ga gwajin da ke raba gardama: musanya akwatin wutar sashen da ke damun ka da na sashe mai lafiya. In ciwon ya bi akwatin, akwatin ne. In ya zauna a gurbinsa, to allon ne, ko wayoyin da ke shiga shi, ko katin kansa. Daga nan ka ɗauki tocila da madubin ƙara girma ka bi soket ɗin fil bayan fil. Nemi wanda ya lanƙwashe, ko ya nutse ciki ya fi 'yan'uwansa gajarta, ko robar gefensa ta yi ruwan ƙasa. Dalmar da ta tsage takan yi siririn zobe kewaye da ƙafar fil. Soket irin DIN 41612 masu fil 96 ba a yi su don cirewa kullum ba. Mafi ƙanƙantar daraja cikinsu sau 50 aka ƙayyade masa, kuma kowane fil bai wuce amfiya 2 ba. Don haka ake haɗa filoli da yawa a layi ɗaya, kuma idan biyu suka saki, sauran ne ke ɗaukar nauyin.

Kada ka manta da volt 125 ɗin. Batir ɗin tasha da ke ba da ita galibi ba a haɗa shi da ƙasa, saboda haka kowane gefe ya kamata ya nuna kusan volt 62 zuwa ƙasa. In ɗaya ya nuna kusan sifili, akwai waya da ta taɓa ƙarfe. Taɓawa ɗaya ba ta kashe komai, ta biyu ce ke ƙona fiyus ko ta kunna rile (makunnin da wuta ke motsawa) ba da izini ba.

Kafin ka sa hannu, ka kulle makunnin batir da na AC duka biyun, domin kashe ɗaya ba ya mutar da allon. Taransifomar da ke ciyar da gadar tayirista, wato sashen da ke mayar da AC zuwa DC don rota, ita ma hanyarta daban ce. Jira kwandensa masu riƙe caji su sauke, ka tabbatar da mita, ka ɗaura abin wuyan hannu mai zubar da cajin jiki. Kada a goge fil da sanfefa, zinaren da ke kansa siriri ne ƙwarai. In ka ga ƙuna a jikin allon, a canza shi gaba ɗaya. Yana da hawa-hawa a ciki, dalmar da ka ɗora a waje ba ta kai ga layin da ya ƙone. Ka kwafi lambar allon da ta bugunsa (revision), ka ɗauki hoton kowace waya kafin cirewa, sannan bayan haɗawa ka kunna wuta ka auna kowane layi tun ba a mayar da katunan ba.