Zuwa hawan igiyar teku a Namibiya, ku shida

Malam, ka ce ku shida za ku je Namibiya hawan igiyar teku, me za ku tanada? To ka manta da zafin hamada, ruwan can sanyi ne ƙarara saboda Benguela, wato ruwan sanyi mai gudana a cikin teku da ke tasowa daga kudu, in ba ka sa rigar roba mai kauri ta shiga ruwa ba wallahi minti goma haƙora sun fara kaɗawa. Bakin tekun Skeleton Bay kusa da garin Walvis Bay na ƙwararru ne, igiyar tana karyewa kan yashi ruwa ba zurfi, allon hawan ma tana raba shi biyu, ɗan koyo ya tsaya garin Swakopmund kawai. Ku je tsakanin Mayu da Satumba. Ku tanadi mota biyu masu fowil, ku rage iskar taya kafin shiga rairayi, ga hazo da safe ko gabanka ba ka gani.