Amsa kan kalmar "se'nnight"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce kin ci karo da "se'nnight" a wani tsohon littafin Turanci, kina tambaya ko kuskuren bugu ne. Ko kusa. Kalma ce da aka daɗe ana amfani da ita a Ingila, tsufa ne kawai ya kwantar da ita. Ma'anarta mako guda. In kin warware ta, "seven nights" ce aka dunƙule, wato dare bakwai, kuma a Turancin da ake yi shekara 1000 da suka wuce "seofon niht" ake cewa. Yau da gobe baki ya cinye tsakiyarta, shi ya sa kika ga 'yar alamar nan a sama, shaidar an zubar da wasu haruffa. Ana furta ta "senait".

Inda take rikita mai karatu shi ne idan ta biyo bayan sunan rana. Ni ma a nan ta same ni ina ɗalibi, muna karanta Pride and Prejudice na Jane Austen, wanda ya fito a 1813. Mista Collins ya aiko wa 'yan'uwansa wasiƙa cewa zai iso Litinin 18 ga Nuwamba, ya zauna har "Saturday se'nnight". Na ƙirga da yatsu na ce baƙon kwana biyar zai yi. Malaminmu bai ce komai ba, sai ya zana kalanda a allo, ya taɓa 18, ya taɓa Asabar 23, ya tsallake ta ya dire allinsa kan 30. Sannan ya juyo ya ce da Hausa, "Asabar ta sama." Kwana 12 ke nan mutumin zai yi a gidan da ba a ɗokin zuwansa, kuma sai da na gane haka na fahimci nauyin da masu gida suka ɗauka. Tun da na fara koyarwa, da kalanda nake bayyana wa ɗalibaina ita.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne me ya sa dare, ba rana ba. Kakannin Turawan Ingila da dare suke lissafi. Tacitus, marubucin tarihi na Rum, ya rubuta wajen shekara ta 98 miladiyya cewa ƙabilun Jamus ba sa ƙirga ranaku kamar Rumawa, darare suke ƙirgawa, kuma a wurinsu dare ne ke jan rana. Daga cikin irin waɗannan ƙabilu ne waɗanda suka ƙetara zuwa Birtaniya da harshen da ya zama Turanci suka fito. Maƙwabtansu mutanen Wales har gobe "wythnos" suke ce wa mako, ma'ana dare takwas.

To wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Mu ma ai "kwana" muke ƙirgawa: kwana nawa za ki yi, jariri ya kwana bakwai a raɗa masa suna, an kwana biyu ba a haɗu ba. Daren Juma'a kuma kin san yana rigan yinin Juma'a zuwa. Don haka duk lokacin da na fassara ta, "kwana bakwai" nake sawa, ya fi "mako" kama ruhinta.

A ƙarni na 19 ta fara ja da baya, "week" da dama can suke tare ta ƙwace fagen. 'Yar'uwarta "fortnight", dare 14 a dunƙule, ita tana nan daram a Birtaniya da Ostireliya, har albashi ake biya da ita a can, amma Ba'amurke da wuya ki ji ta a bakinsa.

Ki koma shafin da kika gan ta, ki duba ko akwai sunan rana a gabanta. In akwai, ƙara kwana bakwai a kan ranar. In kuma kin ga "was" a tsakaninsu, kamar "Tuesday was se'nnight", to baya za ki ƙirga, mako guda kafin Talatar da ta wuce.