Minda, Anini da Dambun da Ba Ya Jin Mai

Wasiƙun wannan makon kusan duk bariki suka nufa, don haka na haɗa su wuri guda.

Wani mai karatu daga Kaduna ya rubuto: "Malam, kakana ya yi yaƙin Bama. Yana da wasu ƙarafa huɗu da yake kira minda, a gwangwani yake ajiye su, sai ranar tuna mazan jiya yake fito da su. Yau kuwa ina ganin manyan hafsoshi ƙirjinsu cike fal, rediyo na cewa lambar yabo. Minda da lambar yabo abu ɗaya ne? Kuma abin nan bai yi arha ba?"

Allah Ya jiƙan kakanka, ya fi 'yan rediyon daidai. Minda aro ce daga Turanci, ta bakin sojojin bariki ta shigo mana tare da 'yan uwanta soja, kurtu, kofur, saje da samanja. Sunan ƙarfen ne kurum, wanda ake ratayawa da ƙyalle a ƙirji. Kalmar ba ta yi wa kowa alkawarin komai ba. Lambar yabo kuwa hukunci ce: ka ce an yaba wa mutum, to ka ce ya yi abin yabo. Nan ne masu fassarar labarai suke yi mana ɓarna, suna zuba abubuwa uku a ƙwarya ɗaya.

Akwai mindar halarta, wadda ake ba duk wanda ya taka fagen, kamar Tauraron Bama da na tabbata yana cikin gwangwanin kakanka. Akwai ta daɗewa a aiki, irin haruffan nan FSS, MSS da DSS da kuke gani jere bayan sunan hafsoshin Najeriya, waɗanda shekarun aiki ba tare da tabo ba ne ke kawo su. Sannan akwai ta bajinta, wadda sai mutum ya sayar da ransa ake ba shi. Wasu haruffan ma ba minda ba ne sam: psc shaida ce ta an gama kwas irin na kwalejin hafsoshi ta Jaji, mni kuma na cibiyar nazarin manufofin ƙasa ta Kuru. Duk wannan halal ne, mutum ya yi aikinsa, ya yi karatunsa. Amma in mai karanta labarai ya tattara su ya ce "ya samu lambobin yabo goma saboda jarumtaka", ya yi wa mai sauraro ƙarya, ya kuma tauye haƙƙin wanda ya samu guda ɗaya tak da jininsa.

Batun arha kuma, ba mu kaɗai ke kuka da shi ba, a Amurka ma an daɗe ana wannan gardama. Da suka shiga tsibirin Giranada a watan Oktoba na 1983, yaƙin kwanaki ne, sojan ƙasa da suka sauka ba su wuce wajen 7,000 ba, amma rundunar ta raba minda 8,612. Wasu da suka samu suna zaune a ofis, ƙafarsu ba ta taɓa tsibirin ba. Suna kuma da wata da suke kira Tauraron Tagulla, tun 1944 aka ƙirƙiro ta, ana ba da ita don bajinta, ana kuma ba da ita don kyakkyawan aiki kawai. A yaƙin Iraƙi da Afganistan ƙananan sojoji sun yi ta ƙorafi cewa ta zama kamar sallamar hafsa: ka kai wani muƙami, ka gama wa'adinka, a liƙa maka, shi kuwa yaron da ke sintiri kullum a kan nakiya a ba shi wadda ba ta kai ta ba. A Tarayyar Sobiyet abin ya fi haka muni. Shugabanta Brezhnev ya karɓi lambar Gwarzon Tarayya har sau huɗu, a 1978 kuma aka ba shi Lambar Nasara, wadda aka keɓe wa manyan kwamandojin da suka ci yaƙi da Hitila, alhali shi jami'in siyasa ne a rundunar lokacin yaƙin. A 1989, shekara bakwai bayan mutuwarsa, aka soke ta.

Gwada wannan da Kuros ɗin Biktoriya, babbar mindar bajinta ta Ingila. Tun 1856 ake bayarwa, har yau waɗanda suka samu ba su kai 1,400 ba, kuma ba ruwanta da muƙami, farabiti da janar duk ɗaya ne a gabanta. Shi ya sa har gobe ba a ambatonta da wasa. Amsata ke nan: ƙarfen bai yi arha ba, rabon ne ya lalace a wurare da dama, mu kuma da bakinmu muka ƙara masa ruwa.

Wata ɗaliba daga Maraɗi: "Hafsa na soja da sunan Hafsatu asalinsu ɗaya?"

A'a. Na soja daga Turanci ne, jam'insa hafsoshi. Sunan kuwa Larabci ne, na Uwar Muminai, 'yar Sayyidina Umar.

Wani direba daga Jos: "Me ya sa ake cewa an ƙara wa soja anini? Wani kuma aka ce igiya."

Igiya ta ƙananan sojoji ce, a hannun riga take: ɗaya las kofur, biyu kofur, uku saje. Anini na hafsa ne, a kafaɗa. Yaran yanzu ba su riski anini ba. Shi ne ƙaramin kuɗin zamanin Turawa, goma ke yin kwabo ɗaya, da huda a tsakiya da zanen tauraro a jikinsa. A ganina wannan tauraron da ƙanƙantar ne suka sa Bahaushe ya dubi kafaɗar laftana ya ce anini. Ku kiyaye, anini muƙami ne, minda daban. Na sha jin ana cewa "an ba shi lambar yabo ta kanar". Ba a yaba wa mutum da kanar, ƙara masa girma aka yi.

Tunda an taɓo bambancin igiya da anini, bari in faɗi wani abu da ke ci mini rai. A tsarin Ingila na da, in ka ɗebe Kuros ɗin Biktoriya, hafsa da ƙaramin soja in suka yi bajinta iri ɗaya a wuri ɗaya, ba abu ɗaya ake ba su ba. Mai anini a ba shi mindar da ake kira MC, mai igiya wadda ake kira MM, haka aka yi ta tafiya har 1993 kafin su daidaita. Chari Maigumeri, wanda barikin Lakwaja ke ɗauke da sunansa, ya fara soja a hannun Jamusawa a Kamaru, ya dawo rundunar Ingilishi, ya kai babban samanja, ya samu MM a Yaƙin Duniya na Biyu, sai da zai yi ritaya a 1953 aka ba shi kyaftin na girmamawa. Mutum irin wannan, da ya ga yaƙin duniya biyu da idonsa, haruffan bayan sunansa ba su kai na wani da bai taɓa jin ƙarar harsashi ba in ba a filin atisaye ba.

Wani malamin makaranta daga Katsina: "An ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ya dace da maganar yawan lambobin yabo?"

Ya dace, in ka ɗora shi daidai. Mutane suna jefa karin nan kan duk abin da ya yi yawa, ba su tsayawa su tambayi kansu wane ne dambun, wane ne man. Dambu tsaki ne da zogale, busasshe, mai ne ke sa ya haɗiyu. Man kuwa gwargwado ne, cokalin da ya isa kwano ɗaya ba zai ratsa daro ba. A maganarmu minda ita ce dambu, man shi ne girman da jama'a ke gani. Gwamnati na iya buga ƙarfe dubu a wuni ɗaya, amma ba ta iya buga wannan girman, don ba a masana'anta ake yin sa ba. Churchill, firaministan Ingila na lokacin, ya faɗi makamancin haka a majalisarsu a 1944, cewa abin fifiko shi ne wanda ba kowa ke da shi ba, in kowa ya samu ƙimarsa ta ragu. Matan da ke turara dambu sun riga shi sani.

Wata baiwar Allah daga Kano: "Malam, daidai ne a ce jarumin fim?"

Na san na makara, kalmar ta riga ta zauna, amma ba zan fasa faɗa ba. Jarumi shi ne wanda ba ya ba da baya ran da maza suka gudu. Daga wannan gida sarautar Jarmai take, kusa da Barde da Sarkin Yaƙi, sarautun da a da sai an ga tabon mashi a jikinka. Yau duk wanda ya fito a majigi sau biyu jarumi ne, ko ɗan aike ya fito. Ban raina sana'ar ba, wallahi akwai gwanaye a cikinta, kuma yabon gwani ya zama dole. To a ce gwani mana, a ce ɗan wasa, a ce tauraro in ana so. Haka aka yi wa gwarzo, kowace ƙungiya tana da gwarzon shekara, wani lokaci ashirin a dare ɗaya. Haka aka yi wa karramawa, ta koma allon katako da ake miƙa wa wanda ya ɗauki nauyin taro. Damuwata ita ce ranar da aka dawo da gawar yaro ɗan shekara ashirin da biyu daga dajin Sambisa, wanda ya tsaya ya kare 'yan uwansa har suka tsira, wace kalma ta rage da za mu kira shi da ita a gaban uwarsa? In muka ce jarumi, ta ji an faɗa wa wani jiya a talla.

Daga Zariya: "Lambar girma ko lambar yabo, wanne ya fi?"

Irin su GCFR da OON da ƙasa ke bayarwa, lambar girma. Wadda aka samu a fagen fama, ka ce mindar bajinta, kowa zai gane.