Rarraba bayanan syslog zuwa rumbuna daban-daban bisa rukunin adireshin da suka fito

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Yadda na fahimci tambayarka, na'urorin rassanku suna turo bayanan syslog (saƙonnin da na'urori ke aikowa kan abin da ke faruwa a cikinsu) kai tsaye zuwa Splunk, manhajar tattara irin waɗannan bayanai da bincika su, ta ƙofar UDP 514, duk suna zuba a rumbu (index) ɗaya, kai kuma kana son bayanan kowane rukunin adireshin IP su shiga nasu rumbun domin kada ma'aikatan wani reshe su riƙa ganin na wani.

Kafin ka taɓa kowane fayil, ka tabbatar da adireshin da kake nufi, domin akwai na na'urar da ta aiko saƙon, akwai kuma wanda ke rubuce a cikin saƙon kansa, kamar na kwamfutar da fayawol (katangar tsaron hanyar sadarwa) ta tare. Zan yi magana ne a kan na mai aikowa.

Ana iya yin rarrabawar a cikin Splunk. A fayil ɗin saitinsa na inputs.conf za ka sa connection_host = ip, sannan a transforms.conf ka rubuta ƙa'ida irin wannan, ka kira ta daga props.conf a ƙarƙashin source::udp:514:

SOURCE_KEY = MetaData:Host
REGEX = ^host::10\.20\.[4-7]\.
DEST_KEY = _MetaData:Index
FORMAT = reshen_arewa

Wannan ya kama rukunin 10.20.4.0/22, wato daga 10.20.4.0 har zuwa 10.20.7.255. Sai dai REGEX, wato tsarin da ake gwada rubutu da shi, haruffa yake dubawa, bai san lissafin adireshi ba, shi ya sa da zarar an zo kan ƙaramin rukuni irin /27 mai adireshi 32, rubutun yakan cukurkuɗe har wanda zai gaje ka ya kasa gane iyakarsa. Tun daga Splunk 7.2 akwai INGEST_EVAL, wanda ke ba ka damar amfani da cidrmatch ka rubuta rukunin yadda yake, kuma ya fi sauƙin kulawa. Ka lura cewa ƙa'idar tana aiki ne a Heavy Forwarder (mai sarrafa bayanai kafin ya tura su gaba) ko Indexer (mai ajiye su a rumbu) da ya fara sarrafa bayanan, ba a Universal Forwarder (ƙaramar manhajar tura bayanai) ba, kuma sababbin bayanai kawai take shafa. Dole ne kuma a riga an ƙirƙiri rumbun a indexes.conf, in ba haka ba saƙonnin za su salwanta, sai fa idan an saita lastChanceIndex, wato rumbun da ke karɓar irin waɗannan saƙonnin.

Duk da haka ba wannan hanyar nake ba ka shawara ba, kuma na daina bin ta a duk inda nake da ta cewa. Idan ka ba bayanan nau'in syslog da Splunk ya zo da shi, zai ciro sunan na'ura daga cikin saƙon ya maye gurbin adireshin da shi, sai ka tarar maƙunni (switch) ɗaya da ke rubuta sunansa ya kuɓuce wa ƙa'idarka ya koma babban rumbu ba tare da wani gargaɗi ba. Abin da ya fi wannan damuna shi ne UDP ba ya jiran kowa: duk lokacin da ka sake kunna Splunk don gyara ya fara aiki, abin da aka turo a wannan tsakanin ya tafi ke nan, kuma ranar da za a nemi waɗannan mintunan ranar bincike ce.

Ka kafa sabar syslog-ng, manhajar karɓar saƙonnin syslog da tace su, a gaban Splunk, ta karɓi komai. Matatarta netmask("10.20.4.0/22") tana duba ainihin adireshin da saƙon ya fito, ba ruwanta da abin da na'urar ta rubuta game da kanta. Ka sa ta ajiye kowane rukuni a jakarsa, misali /var/log/rassa/arewa/10.20.4.9/, sai Universal Forwarder ya riƙa karanta jakar da index = reshen_arewa da host_segment = 5. Idan Indexer ya tsaya, fayilolin suna nan a faifai har ya dawo. Ka ƙara hanya ɗaya mai flags(fallback) don tara duk abin da bai dace da kowane rukuni ba, ka riƙa leƙa ta, domin a nan sababbin na'urorin da ba a sanar da kai ba suke bayyana. Kada ka manta da logrotate, mai sauya fayilolin da share tsofaffi don kada su cika faifai.

Akwai abin da babu matatar da za ta warware maka, wato NAT, tsarin da ke maye gurbin adiresoshin na'urorin cikin gida da adireshin ƙofar fita. A wata ma'aikata da na yi wa aiki, reshe guda cur yana isowa ne da adireshin ƙofar fitarsa, na'urorinsa duka da fuska ɗaya, kuma sai da aka cire zirga-zirgar syslog daga NAT kafin rarrabawar ta yi ma'ana. Saboda haka ka fara gudanar da tcpdump -n udp port 514 a kan sabar, umarnin da ke nuna saƙonnin da ke shigowa, ka ga adiresoshin da idonka.

Game da yawan rumbuna, ina ganin kada ka ware wa kowane rukuni nasa sai idan masu izinin gani sun bambanta ko tsawon lokacin ajiya ya bambanta. Rassan da suka yi tarayya a waɗannan biyun su zauna tare, a bambance su wajen bincike. Idan ka turo mana jerin rukunan naka da 'yan layuka daga tcpdump, bayan ka sauya adiresoshin waje, za mu iya tsara matatun tare.