Ɗan takarar da ake cewa giya ta kama shi: ya cancanci ƙuri'a?

Malam, ka tambaya a kan ɗan takarar da ke zagayen Agege da Idi-Araba da Mile 12 yana neman ƙuri'ar Hausawa, alhali ana raɗe-raɗin giya ta yi masa katutu: ko wannan ya isa a juya masa baya, ko kuwa rayuwarsa ce ba ruwan kowa.

Haramcin giya a wurinmu ba abin jayayya ba ne, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta gama magana. Amma a Legas muke, kuma 'yan takara ba duka Musulmi ba ne. Abin da za mu auna shi ne riƙon amana. Mai kurɓa a wurin biki daban, wanda giya ta mallaka daban, kuma na biyun nan ina ganin bai dace da kujera ba muddin bai nemi magani ya daina ba.

Likitoci ba yawan kwalabe kaɗai suke dubawa ba. Suna duba ko mutum ya yi niyyar shan biyu ya wayi gari ya sha takwas, ko ya sha yunƙurin dainawa ya kasa, ko sai ya kurɓa da safe hannunsa ke daina rawa, ko yakan manta abin da ya faɗa daren jiya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da gwajin tambayoyi 10 mai suna AUDIT, makinsa 40, wanda ya kai 8 ya shiga sahun masu sha mai haɗari.

Ga lissafin da mutane ba sa yi. Babbar kwalbar giya mai santilita 60 da ƙarfin kashi 5 cikin ɗari tana ɗauke da kusan giram 24 na barasa. Hanta kuwa giram 7 zuwa 10 take iya ƙonawa a awa ɗaya, wanka da ruwan sanyi ko shayi mai kauri ba sa ƙara mata sauri. Wanda ya fara da tara na dare ya shanye kwalba shida ya zuba wa jikinsa giram 144, aikin awa 14 zuwa 20 ke nan. Ƙarfe goma na safe, yana zaune a Alausa, hedikwatar gwamnatin jihar Legas, cikin fararen kaya da turare, takarda a gabansa, ragowar na jiya ba ta gama fita daga jininsa ba. Ba zai yi tangaɗi ba. Abin da ke raguwa shi ne haƙurin karanta shafi ashirin kafin sa hannu, da iya danne fushi, da tuna alkawari.

Ɓarnar gaske a nan take. Shugaban da ba ya samuwa kafin azahar, 'yan fadarsa ne ke mulki. Su ke zaɓen takardar da za ta kai gabansa da lokacin da za ta kai, kuma ɗan kwangila mai wayo ya san awar da oga ba ya cewa a'a. Wanda ya ɗauke shi bidiyo yana cikin maye ya samu linzamin jan sa. Mu da gobarar kasuwa da ambaliya da rikicin 'yan acaba ba sa sallama kafin su zo, muna buƙatar wanda za a kira ƙarfe biyu na dare a same shi da hankalinsa.

Doka ba za ta yi mana wannan aiki ba. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 107 na ɗan majalisar jiha da na 182 na gwamna, ya hana wanda aka tabbatar yana da taɓin hankali, da wanda kotu ta ɗaure kan zamba, da ɗan ƙungiyar asiri, da mai takardar bogi. Babu giya a ciki. Cire gwamna don rashin lafiya a sashe na 189 sai kashi biyu bisa uku na majalisar zartarwarsa, wato mutanen da shi ya naɗa, sun amince, sannan kakakin majalisa ya kafa kwamitin likitoci biyar, ɗaya likitan gwamnan ne. Kiranyen ɗan majalisa kuma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu kafin INEC ta shirya ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Saboda haka ƙofar tacewa ita ce zaɓen fid da gwani da ranar zaɓe, bayan nan sai a jira shekara huɗu.

Amma kada a rufe wa wanda ya daina ƙofa. Ann Richards ta je magani a 1980, ba ta ɓoye ba, ta kuma yi gwamnan Texas a Amurka daga 1991 zuwa 1995. Bob Hawke ya ajiye kwalba kafin ya zama firaministan Ostiraliya a 1983, ya riƙe mulki har 1991. Boris Yeltsin, shugaban Rasha na lokacin kuwa, a 1994 jirginsa ya sauka a filin jirgin Shannon a ƙasar Ayalan, firaministan Ayalan na tsaye yana jira, bai fito ba. Bambancin shi ne waɗancan biyun sun daina sha, wannan yana kai.

To, kafin shugabannin unguwa su ɗaga hannun kowa, a yi bincike da adalci, don lokacin siyasa ƙage ya fi tumatir araha a Mile 12, kuma ɓata sunan mutum ba hujja zunubi ne. Rawar hannu ko nauyin harshe na iya zama ciwon suga ko shanyewar ɓarin jiki ko tasirin magani. A duba tarihinsa a muƙamin da ya riƙe a baya: zaman majalisa nawa ya halarta, yana zuwa taron safe, ma'aikatansa suna daɗewa da shi? A gayyace shi ganawa sau biyu ko uku, ɗaya da takwas na safe, ɗaya bayan isha'i, a tuna masa abin da ya faɗa a ta farko. Dattijo ɗaya ya keɓe da shi ya tambaye shi kai tsaye. Idan ya ce ya daina, a ji tun yaushe da kuma wa ke duba shi. Wata biyu kafin zaɓe ba dainawa ba ce, a nemi shekara ɗaya ko fiye.

In kuwa na kusa da shi ne ke karanta wannan, kada ku kulle shi a ɗaki ku ce ya daina dare ɗaya. Wanda jikinsa ya saba, awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe rawar jiki da zufa ke farawa, farfaɗiya na iya biyowa cikin kwana biyu, a rana ta biyu zuwa ta huɗu kuma ruɗewa da gane-gane, wanda kan kai ga mutuwa. A asibiti ake yin wannan, da magani irin diazepam da allurar bitamin B1. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana da sashen masu shaye-shaye, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) ma a nan Idi-Araba akwai likitocin wannan fanni.